Makullin Foraj

Shekara talatin Hasiya ta yi tana kora jaki yana jan wasaki, babban gugan fata, daga rijiyar ƙauyensu, arewa da Affala. Rijiyar gaba arba'in ce. Igiya ta cinye mata tafin hannu har ba ta jin zafin tukunya.

Sai aka haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse, aka kafa allunan hasken rana, ruwa ya riƙa hawa da kansa. Mata suka ce ita za ta riƙe makulli. Yanzu kafin hantsi ta cika tuluna. Ta shiga ajin yaƙi da jahilci, ta iya rubuta sunanta, ciwon baya ya sake ta.

A rani na uku ƙanenta Alhusaini, makiyayi, ya same ta a bakin famfo.

"Yaya, taho ki ga aikin ruwanki."

Ta bi shi bayan gari. Iyakar ganinta ƙasa ce tsirara, kofato ya niƙe ta. An sassare rassan gawo an ba dabbobi. A da rijiya ba ta iya shayar da garke fiye da uku a wuni, baƙon makiyayi ya sha ya wuce, ciyawa ta huta. Yanzu komin shayarwa ba ya ƙafewa, don haka babu mai wucewa. Garke ashirin sun zauna.

"Ki ruhe foraj wata biyu," in ji Alhusaini. "Baƙi su tahi, mu koma rijiya."

"Mu? Yaushe ka taɓa kama igiya, kai da ka tsayawa kana yi ma shanu kirari?"

"To ki sha ruwa ki ƙoshi. Baɗi ba saniya ko guda, har karsanarki da ke hannuna."

Hasiya ta sake duban ƙasar. Ta san gaskiya ya faɗa. Ta kuma san ba za ta mayar da matan gari ga igiya ba.

Bututun foraj ɗin biyu ne, ɗaya na famfon mata, ɗaya na komi. Da la'asar ta je ta shaida wa maigari, ta dawo ta datse na komi.

Washegari Alhusaini ya koro shanunsa, ya tarar da komi a bushe.

"Yaya, ai don baƙi na ce!"

"A garin ga an taɓa hana baƙo ruwa naka na sha? In an ruhe, an ruhe ma kowa."

Ta shiga gida ta fito da tsohon wasaki da igiya, ta ajiye a gabansa. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya saɓa.

Cikin mako biyu rabin baƙin suka yi arewa. Ko ciyawa za ta dawo, sai damina ta faɗa.

Daga aji Hasiya takan ji kukan kurar jan igiya a bakin rijiya, makiyaya suna jan ruwa. Karsanarta ta rame. Tafin hannunta yakan yi ƙaiƙayi, sai ta gyara riƙon alli ta ci gaba da rubutu.