Hannun Inna Hure

"Saki tukunyar nan, Inna, za ki ƙone!"

Inna Hure ta dubi yatsunta, sun yi jajur, amma ita ko a jikinta. Ita ce ungozomar ƙauyenmu, katanga ɗaya ce tsakaninmu, ni kuma ga ciki wata bakwai bayan ɓari biyu. In ka cire Allah, da hannun nan na dogara.

"Tun yaushe?" na ce.

"Tun shuka. Babban yatsa da biyun da ke kusa da shi, kamar na aro. Kar ki faɗa wa kowa, Asiya."

A shekarar kuɗin mota ya gagari talaka, amma ranar awona na nace wa mijina Basiru sai da ya goya mu ni da Inna a babur har asibitin cikin gari. Irin na'urar da ta nuna min ɗana ita likita ya shafa wa mai ya ɗora a wuyan hannunta.

"Oh ni Hure, da tsufana ake min sikanin?" ta ce. "Duba da kyau, ɗan nan, ko 'yan biyu ne."

Likita ya yi dariya, ya nuna mana wani baƙin ɗigo a allon. Ya ce jijiya ce ta matsu har ta kumbura, aikin ƙarami ne, mu dawo da kaka.

Ba ta kai kakar ba. Zazzaɓin damina ya kayar da ita, ko kunu ba ya zama. Ana cikin haka cikina ya yi shiru, tun asuba har azahar ba motsi. Na shiga ɗakinta. Wallahi na ji kunyar roƙon mai jinya, amma tsoro ya fi ƙarfina.

"Inna, taɓa min. Ya daina motsi."

Da ƙyar ta ɗora hannun a kan cikina. Muka jira.

"Ba na jin komai," ta ce. "Amma kar ki biye wa hannun nan, ya riga ni tafiya."

Na fara salati, ita kuwa ba ta ɗauke ba, ta ƙura wa hannun ido. Can sai hannun ya ɗaga kaɗan, ya koma.

"Na gani," ta ce. "Ja'iri, barci yake."

Bayan la'asar ta cika. Da maza suka fito da ita ina tsaye a jikin katanga, tafina a daidai inda nata ya kwanta, yaron yana ta shurina.