Inuwar da Ƙanena Ya Sare

Ƙanena mai zarto ne. Shi ake kira in bishiya ta jingina da katanga ko reshe ya hau wayar lantarki, ya zo da injinsa a kafaɗa ya kayar. Gida ɗaya muke haya, ni da 'ya'yana a ɗakin farko, shi da matarsa a na ƙurya. Tagar ɗakinsu ɗaya ce tak, ita ma garejin masu fentin mota take kallo. Matar tasa kowa Auta yake ce mata, don ita ce ƙarama a gidansu. Ni kuwa wanki da guga nake yi.

Bayan gidanmu akwai wani fili mai bishiyoyi tara: darbejiya shida, mangwaro biyu da ba su taɓa yin 'ya'yan kirki ba, da wata tsohuwar tsamiya. Ba wani wurin a-zo-a-gani ba ne, har bola akwai a gefe guda. Amma in rana ta take, rufin kwano ya fara ƙara, can duk matan gidan muke kwasar tabarmi mu koma. Da cikin Auta ya kai wata biyar, wuni take yi a gindin tsamiyar, ta miƙe ƙafa tana ninke mini kaya.

"Ke dai a nan za ki haihu," nake ce mata, "mu sa wa yaron suna Tsamiya."

"Yaya, ai gara nan da tanderun ƙaninki," in ji ta.

Wata safiya muka ga mutane da igiyar awo. An sayar da filin, za a yi wurin ajiye manyan motoci. Ɗan kwangilar ya tambayi wanda ke da injin zarto a unguwar, aka nuna masa ƙanena. A lokacin ya kusa wata biyu bai samu aiki ba, maganin ƙarin jinin da aka rubuta wa Auta a wurin awo ma ba a saya ba.

Ina wanki a tsakar gida na ji su.

"In ban sare ba, wani zai sare," in ji shi.

"To, bari wanin ya sare mana, Malam."

"Wanin ne zai ciyar da ke?"

Kwana uku ya yi yana aikin. Tsamiyar ya bari ƙarshe, ita kaɗai ta ci masa wuni guda. Da ta faɗi, har kwanukan da ke kan tagata sai da suka motsa. Da yamma ya shigo da maganin, da buhun shinkafa ƙarami, da guntayen icen da aka bar masa. Auta ta ce ba za ta yi girki da su ba. Bayan mako guda gawayi ya ƙare, ta hura su a ƙofar ɗaki, ɗanyen ice, hayaƙi ya cika mata ido.

Aka zuba tsakuwa a filin, motoci suka fara shigowa. Direbobi kan bar inji a kunne tun safe, hayaƙin ya tsallako katanga ya haɗu da warin fenti. Fararen kayan da na shanya sai sun dawo da toka-toka. Auta ta rasa wurin zama. Ɗaki ba ya shiguwa da rana, tsakar gida siminti ne, sai ta jiƙa zane ta lulluɓa ta kwanta a zaure, mutane na tsallake ta. Ƙafafunta suka kumbura har silifas ya daina shiga. Kanta kullum ciwo.

Cikin bai cika wata takwas ba naƙuda ta zo, da hantsi. Ni na kai ta asibiti. Namiji ne, kilo ɗaya da rabi, hannunsa bai fi babban yatsana kauri ba. Kwana shida ya yi a kwalba, sannan aka ce a ba wasu wuri. Wata nas mai haƙuri ta koya wa Auta yadda za ta ɗaure shi a ƙirjinta, fata da fata. Ranar sallama ta ce, "Huhunsa bai yi ƙwari ba. Ban da hayaƙi, ban da ƙura. A sa shi inda iska ke shiga."

Auta ta dube ni, na dubi ƙasa.

Ƙanena ya yi iya yinsa, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Ya toshe tagar da kwali don warin fenti, ɗakin ya ƙara zafi, ya cire. Ya je ya roƙi direbobin su riƙa kashe inji, ɗaya ya kashe, sauran suka ce ya je ya ga mai wurin. Na ce su dawo ɗakina, suka dawo, amma katanga ɗaya ce da filin. Har wata rana ya ɗauki mai jego da jaririn zuwa lambun shaƙatawa na can tsallaken gari, mota biyu ake hawa. Suka zauna a kan ciyawa kamar awa uku. Auta ta ce tun da aka haife shi ba ta ga ya yi barci irin na ranar ba. Amma wurin ba na zuwan kullum ba ne ga irinmu, sau ɗaya suka je.

A kwana na goma sha tara yaron ya ƙi kama nono. Ƙirjinsa na lotsawa in ya ja numfashi, leɓensa ya canja launi. Muka koma asibiti da la'asar. Aka sa masa robar iska a hanci, amma ko awa biyu bai yi ba.

A barandar asibitin ƙanena ya tare nas ɗin nan. "Don Allah ki gaya mini gaskiya. Zafi da hayaƙin ne suka sa aka haife shi ba lokaci ba?"

Ta ce, "Malam, ba wanda zai iya rantse maka. Jininta ya hau, ga rashin abinci mai kyau, ga inda kuke zaune. Abubuwa ne suka taru."

Ya gyaɗa kai. Ban ga alamar maganar ta rage masa komai ba.

Auta ba ta taɓa ce masa kai ka jawo ba. Da ta faɗa ma, ina jin da ya fi masa sauƙi. Tana dafa masa abinci, tana amsa gaisuwarsa, shi ke nan. Shi kuma ya daina cin abinci a gida, sai ya ɗauki kwanon ya fita ƙofar gida.

Bayan kamar wata guda, muna zaune a zaure da safe, wayarsa ta yi ƙara. Daga asibiti ne, wata murya ce da ba mu sani ba, tana tuna musu cewa lokacin allurar rigakafin jariri ya yi. Ya miƙa wa Auta wayar.

Ta saurara har matar ta gama bayani, sannan ta ce, "Mun gode. Ya rasu."

Ta ajiye wayar a kan tabarma, ta tambaye ni ko akwai sauran kayan da za a ninke.