Tsimin Inna Barira

Inna Barira ta Beli ba ta taɓa kiran sunan Sa'adiya ba, don 'yar fari ce. "Ke" ce, ko "waccan". To, uwar da ba ta iya faɗin sunanki, ina za ta iya yi miki zancen ciki? Tun da aka kai Sa'adiya gidan miji a Kurugu ta yi ɓari biyu, daga nan shiru. Abin yana cin Inna, amma bakinta gum. Sai ta koma magana da hannu. Duk ranar kasuwa takan sayo mazarƙwaila da dabino da zuma, ta dafa tsimi mai kauri, ta cika galan ta ba mai babur ya kai. Wai zaƙi yana gyara mahaifa.

Ranar da jiri ya kayar da Sa'adiya a bakin murhu, Inna ce ta raka ta asibiti a Karaye, har da galan ɗin tsiminta a leda, kar a ce ta zo hannu rabbana.

Likitar ta auna jinin Sa'adiya, ta ga sukari ya hau, ta ɗaure fuska. Ta yi musu bayani a hankali, cewa kowane wata mahaifa takan gyara shimfiɗarta don tarbar ciki, kuma sukarin jini yana cikin abubuwan da ke gaya wa ƙwayoyin shimfiɗar wane umarnin halittarsu za su buɗe, wanne za su rufe. In ya yi yawa gyaran kan iya rikicewa, cikin ya zo ya rasa wurin kamawa. Ba ta ce shi kaɗai ne sanadi ba. Sannan ta juya kan Sa'adiya, ta tambaye ta ba tun bara ta hana ta zaƙi ba?

Tun bara! Inna ta ji kamar zaninta ya kwance a kasuwa. Ta sa ƙafa tana tura ledar ƙarƙashin benci, ita kuwa ledar sai ƙara take, 'yar banza.

Da suka fito ta kasa duban 'yarta. Darbejiyar bakin ƙofa ta fuskanta, ta tambaya wai me zai sa mutum ya sani kuma ya ci gaba da sha.

"Inna, shi kaɗai kike aiko min," in ji Sa'adiya, kanta a ƙasa. "In na ce ki daina, da me za ki riƙa gaishe ni?"

Kunya ta rufe Inna, ba irin wadda ta gada take taƙama da ita ba. Ta tsuguna ta tsiyaye tsimin a gindin bishiyar, ƙudaje suka yo caa.

"Sa'adiya," ta ce, sunan ya fito a karkace don rashin sabo. "Me likita ta ce ki riƙa ci? Faɗa min."