Sarƙa Ta Uku da Ta Huɗu

Duk direban da ya san aikinsa, in ya ɗauko bututun ƙarfe a buɗaɗɗiyar tirela, ba ya shiga gangara sai ya tsaya ya duba ɗauri. Kaya kan zauna a hanya, sarƙar da ta yi tamau da safe ta koma sako-sako da rana. Tsoho ya fi kowa sanin haka. Shekara ashirin da shida yana kan sitiyari, tun bai yi furfura ba 'yan gareji suka laƙa masa sunan.

Ya faka a gefen titi, ya zagaya yana dukan sarƙoƙin da guntun rodi. Ta farko ta amsa, ta biyu ta amsa. Ta uku kuwa sai ka ce an doki jiƙaƙƙen buhu, ta huɗu ma haka. Ga bututu goma sha takwas a baya, ga kasuwar bakin titi a ƙasan gangarar, mutane na tsallaka kwalta kamar tsakar gidansu.

Aikin ba wani abu ba ne: ka saki ƙarfen ɗaurin, ka ƙara ido ɗaya na sarƙa, ka danne shi da hannu biyu har ya kulle. To, hannu biyun ne babu. Wata uku ke nan hannunsa na dama yana mutuwa, tun yana jin kamar tafiyar kiyashi har ya kai kofin shayi na suɓuce masa. Matarsa kaɗai ta sani. Ita ke ɓalla masa maɓallin riga, tana roƙonsa ya je asibiti, shi kuma ya ce sanyi ne. Sanyin ina! Manaja yake tsoro. Ranar da ya ji, ranar zai karɓi makulli, kuma wa zai ɗauki direba mai hannu ɗaya da 'ya'ya bakwai? A wurin lodi masu lodi ke ɗaure masa, yana tsaye yana ba da umarni kamar girma ne ya sa. A nan kuwa daga shi sai motar.

Ya gwada da hagu, ƙarfen ko gezau. Ya kwanta a kai da ƙirji, yana nishi, ƙarfen ya ƙwace ya doke shi a kafaɗar dama, ya faɗi zaune a tsakuwa. Ya tashi ya sake, ya kuma sakewa, har numfashi ya gagare shi. Sai Shaiɗan ya zo da shawara: ya lallaɓa da motar haka nan a giya ta ɗaya mana, wa zai sani? Har ya taka matakalar mota, ya leƙa kasuwar nan, ya sauko yana tsine wa kansa. Ya jingina da taya ya yi kuka, dattijo da shi, rana tsaka.

Ana cikin haka wata motar kamfaninsu ta tsaya a bayansa. Cikin direbobin duniya kaf, Rediyo ne ya sauko, mutumin da ko kaza ce ta yi tari a gidanka sai gareji ya ji kafin la'asar. Ya iso yana washe baki, yana tambaya ko tsufa ne ya hana a ƙarasa gida a yi barci.

A wurinsu direba ba ya ɗaure wa direba kaya. Wanda ya roƙi haka, ya faɗa da bakinsa cewa ya gama. Duk da haka Tsoho ya ce:

"Ƙanena, don Allah ɗaure min ta uku da ta huɗu."

Dariyar ta ɗauke. Rediyo ya dubi hannun da ke reto a gefen riga, bai tambayi komai ba. Ya ɗaure su, ya bi sauran ya duba, ya goge hannu a wando. Ya rantse ko tasa matar ba za ta ji ba, kuma Tsoho ya ga da gaske yake. Rediyo ya ja motarsa ya wuce.

Asiri ya rufu! Tsoho ya hau yana hamdala, ya tayar da inji, ya kai hannu ga giya. Da ma makonni ke nan da tsintsiyar hannu yake tura ta. Yanzu kuwa, tun daga kafaɗar da ƙarfen ya doka, hannun ya ƙi ɗagowa daga cinyarsa. Ya ɗauke shi da hagu ya ɗora a kan giyar, ya zame. Ya sake ɗorawa, ya sake zamewa. Ya roƙe shi kamar mutum, ya ce yau kaɗai, gangarar nan kaɗai. Gangarar kuwa mai lanƙwasa uku ce, ba a sauka da ita sai hagu na kan sitiyari, dama na kan giya.

Ya sake leƙa kasuwar nan. Sannan ya kashe inji, ya lalubo waya da hagu, ya kira manaja ya ce a turo wani direba.

"Me ya sami motar kuma?" in ji manaja.

"Mota lafiyarta lau, ranka ya daɗe."