Wa Ya Mayar Masa da Yatsu?

"Kai ka kashe ubanka karo na biyu, Auta. Kai, da hannunka."

Tun daga bakin ƙofa tsohuwar ta faɗa, ko sallama ba ta ƙarasa ba. Kowa a ɗakin zanen ya juyo. Matasa na zaune gaban kwamfutoci, fanka na kaɗa takardun da aka manna a bango, duk hotunan ƙattai masu ɗamammun riguna suna shawagi a sama. Autanta, wanda shi ne babban mai zane a wurin, ya miƙe da alƙalami a hannu.

"Inna, mu je waje."

"A waje kuka yi abin? Zauna."

Ta zaro littattafai biyu daga jaka, ta ture kofin shayinsa, ta shimfiɗa su kan tebur.

Ita ba ta yi makaranta ba, kuma da farko raina waɗannan littattafan hotuna ta yi. Wane irin namiji ne zai ɗora ɗan kamfai kan wando, ya ɗaura zanin gado a wuya, ya ce zai ceci duniya? Ranar da Auta ya kawo mata na farko, daga ƙarshe ta fara buɗewa, sai ta ga jarumin ya fara da nasara ya ƙare da shan duka. Ta ce wannan labari ya san rayuwa. Sai da surukarta ta juya mata shi tana dariya.

Hannun hagun jarumin ne ya riƙe ta. Tartsatsi sunansa, wuta yake fitarwa daga tafi, kuma yatsu uku gare shi. Marigayi mijinta mai walda ne, injin yankan ƙarfe ya cinye masa biyu tun Auta na goye. Ga karkatacciyar kafaɗar nan, ga rintse ido ɗaya in haske ya yi yawa. Ba ta nemi a karanta mata ko baƙi ɗaya ba. Duk fitowa sai ta sa an kawo mata, ta zauna tana bin hannun nan daga hoto zuwa hoto. Ta lura mutanen ciki ba sa tsufa, ba sa ciwon baya, wanda aka binne ma yana dawowa. Ta yafe musu. Ƙarya ce, ta sani, amma mijinta na cikinta yana aiki, kuma ba wani hotonsa da ya nuna hannun, don kullum ɓoye shi yake a aljihu in za a ɗauka.

Jiya sabon littafin ya zo. Kafaɗa ta miƙe, ƙirji ya yi faɗin ƙofa, ido biyu tarau. Yatsu biyar.

Wani mai gilashi ya fito daga ofis yana murmushi. Manajan ne.

"Mama, sannu da zuwa. Ai gyara shi muka yi kawai, don ya dace da zamani."

"Gyara?" Ta juyo da dukkan jikinta. "Yaro, abin da ya lalace ake gyarawa. Me ya lalace a jikinsa?"

"Ba haka nake nufi ba."

"To me kake nufi? Ni jahila ce, yi mini dalla-dalla."

Manajan ya dubi Auta. Auta ya dubi ƙasa, ya ce a hankali, "Masu saye ne suka yi ta magana, Inna. Wai mai zanen bai iya ƙirga yatsu ba. Sun ɗauka kuskure ne."

Ta ɗora yatsarta kan tsohon hoton, tana shafa gurbin biyun da babu. Ta tuna yadda yake riƙe cokali, yadda yake saka maɓallan riga da ukun ba tare da ya yarda a taimaka masa ba.

"Da ka gaya musu ba kuskure ba ne, me suka ce?"

Auta ya ajiye alƙalamin a kan tebur.

"Ba ka gaya musu ba." Muryarta ta sauka. "Kana da hannu, kana da takarda. Hoto ɗaya na injin nan ya isa su gane. Sai ka ga dasa yatsu ya fi sauƙi."

"Mama, an riga an buga," in ji manajan.

"Ai ku masu dawo da matattu ne, cire yatsu biyu ba zai gagare ku ba." Ta jawo kujerar Auta ta zauna, ta ɗora jaka a cinya. "Amma kafin nan ina son mutum biyu. Ba masu saye ba, su ba su san shi ba. A ɗakin nan wani ya dubi hannun mijina ya ce a gyara, wani kuma ya ce to. Ku fito mini da su, su gaya mini da bakinsu me ya lalace."