Waƙar da Ta Riga Saliha Isa Gida

…to, ta ina ta biyo? Abin da Saliha ke son sani ke nan, kuma kunyar kanta take ji da ya kasance shi ne ya fara zo mata. Ba "na shiga uku" ba, ba "ina zan sa kaina" ba. Ta ina? Ta Maraɗi ta ratso, ko ta ƙauyuka ta kewayo a aljihun wani mai amalanke?

Tana zaune kan benci a rumfar Jaye, mai tura wa mutane waƙoƙi a salula, a tsakiyar kasuwar Sae Sabuwa. Garinsu. Inji na kakari a bayan rumfa, odinata, wato kwamfuta, a kan tebur an lulluɓe ta da tsumma, mutane na miƙo 'yan katunan wayarsu ana loda musu. Daga lasifikar Jaye kuwa gurmi ke tashi, da muryar wani saurayi da ke yabon 'yan caca da matan bariki, yana dariya a tsakiyar baiti kamar duniya tasa ce shi kaɗai.

Muryar Baba ce, mahaifinta. Malam Nomau, ladanin masallacin da ke can bayan rumfunan masu goro. Mutumin da ko rediyo aka buɗe a gidansa sai ya yi gyaran murya an kashe.

Wa ya kawo waƙar nan? Kai, Saliha, ke kika kawo ta mana. A'a… ita dai ta sake ta ne. Akwai bambanci. Akwai?

Ta tuno malaminta na jami'a a Yamai, tabarau a kan hanci, yana juya shayi. Binciken tattalin arziki ba labarin teburin mai shayi ba ne, in ji shi. Kowa na cewa waƙa ta bar kaset ta koma kati, kowa na cewa mawaƙi ya rera mai turi ya ci. To ki nuna mini hanyar. Ki samo waƙar da babu ita a ko'ina, ki sake ta a kasuwa ɗaya, ki bi sawunta. Sauƙin faɗa! Waƙar da babu ita a ko'ina, a zamanin da ko tarin mawaƙi aka ɗauka sai an same shi a Kano?

Sai ga Gwaggo Laraba, ƙanwar Baba, tana kwashe kayan akwatinta tana neman allura. Kaset cikin gwangwanin madara. "Mayar, mayar! Na ubanki ne, tun yana ci-rani a Jibiya. Duk sauran ya ƙone su da ya tuba, wannan ni na ɓoye." Ta yi dariya, sannan ta share ido da bakin mayafi. Ubanta? Gurmi? Saliha ta saurara a ɗakin kwananta na jami'a har kaset ɗin ya fara ja. Ba ta taɓa jin Baba ya yi dariya haka ba. Ba ta ma san yana da irin wannan dariyar a cikinsa ba.

Ta juye waƙar a kati. Kasuwar Gangara ta zaɓa ta sake ta. Can gabas, bayan Gazawa, inda ba wanda ya san ta, ba wanda ya san shi. Ba suna a jiki, ba hoto. Ta ce a ranta kasuwa biyu ko uku waƙar za ta yi ta mutu. Ga kamfe ya kankama, sojoji sun ce za su miƙa mulki, kowace jam'iyya ta hayo mawaƙanta, katunan mutane cike da "ku zaɓe shi, ku zaɓe shi". Wa zai bar wa tsohon gurmi wuri? Lissafi mai kyau kuwa. Na masu digiri.

Amma me ya sa ba ta mutu ba? Wannan fa abin a tsaya a duba ne. Waƙar jam'iyya kyauta ake tura ta, har roƙon mutum ake ya karɓa, kuma ita ake fara gogewa in kati ya cika. Ta Baba saya ake yi, kuma ba a goge ta. Ashe abin da aka cusa maka ba ya zama… ko kuwa gajiya mutane suka yi da alkawari, suke son su ji wanda ba ya neman komai a wurinsu? Wannan babi guda ne a kundin bincikenta. Babi mai kyau ma. Subhanallahi, Saliha, babi!

A Gazawa ta tarar da ita a rumfa biyu, ta yi murna har ta sayi tsire. A Agye direbobi sun ɗauke ta. A Cadawa aka yi mata suna. Wani mai turi ya ga ba za a sayar da kaya ba suna ba, ya rubuta "Marigayi Ɗan Jibiya". Daga ina ya samo Jibiya? Ko cikin baitin da ake ambaton tasha… i, can ne. Marigayin kuma fa? Ta tambaye shi, ya ɗaga kafaɗa, wai murya irin wannan ai sai mutanen da, kuma ta mamaci ta fi tafiya. Sun kashe mata uba don kaya ya shige. Ita kuwa ta gyaɗa kai, har da cewa Allah ya jiƙansa. Bakinta ne ya faɗa, tana ji.

A Cadawar ya kamata ta tsaya. Ta tsayar da me? Kaset ne da za a bi a karɓe? Kowane kati uwa ne, ya haifi wani ya haifi wani. Ba masana'anta, ba sito, ba mai shi. Abin da take ta ƙoƙarin fahimtar da malaminta ke nan, ga shi ta fahimtar da kanta. Ta dai ce Maraɗi za ta haɗiye ta, birni ne, waƙoƙin finafinai za su danne ta. Sai ta zo gida hutu, ta shigo kasuwa sayen yakuwa…

"Ɗiyar Malam, kin ji wagga? Ita ka tashe yanzu," in ji Jaye, yana murza sautin sama. "Wani marigayi na, ɗan Najeriya. In saka miki?"

Ta girgiza kai. Ya ce daga wajen wani mai awon gero ya samo ta, wanda ke cin kasuwannin ƙauye. Ba ta Maraɗi ba ke nan! Ranar kasuwa ce ke ɗaukar waƙa, ba birni ba. Abin da ta yi ta musu da malaminta a kai. Ta ci. Daɗi ya tsarga mata kafin ta kama shi, daɗi na gaske, kuma ta tsani kanta a kansa.

Baba da buta, asuba bayan asuba, tun kafin a haife ta. Ba albashi, ba komai, sai wannan lasifika ta masallaci da girman da ke tare da ita. Akwai samarin da suka dawo daga karatu suna cewa ya tsufa, suna jiran ya yi tuntuɓe. Ladanin da ya yi wa matan bariki kirari? Ba za su kore shi ba. Shi zai ajiye da kansa, ya shiga ɗaki, ya ja labule. Ta san shi.

In ta je ta gaya masa fa? Ta ce me? Baba, na ari ƙuruciyarka don jarrabawa? In ta yi shiru kuma, marigayi ya ci gaba da zama marigayi. Wa zai haɗa saurayin Jibiya da dattijon da ke… Ba wanda zai haɗa. Shekaru sun yi nisa. Murya na tsufa, ko ba ta tsufa?

Lasifikar masallaci ta yi ƙara, an hura ta. Azahar.

Jaye ya kai hannu ya kashe waƙar, yadda kowa ke yi. Saurayin ya yanke a tsakiyar jan wata doguwar gaɓa. Ba ko numfashi a tsakani, sai kabbara ta taso daga bayan rumfunan goro. Daga maƙogwaro ɗaya. Hawa iri ɗaya, da 'yar rawar nan a ƙarshe kafin ya sauka. Ya Rabbi… ashe bai ƙone komai ba.

Leɓɓan Jaye na amsa kira. Sun tsaya. Ya dubi lasifikarsa. Ya juya ya dubi wajen masallaci. Sannan ya dube ta, a hankali, kamar yau ya fara ganin fuskarta.

Yatsansa ya koma kan maɓalli. Ba zai danna ba, ba a sa waƙa ana kiran salla. Zai jira. Yana jira.

Ja, Baba. Ja shi da tsawo. Kada ka yi saurin gamawa…