Tsohuwa Mai Kaya a Kafaɗa

Masu karatu ne suka fara tsokano abin, kodayake in ka tambaye su yau za su rantse maka babu ruwansu. Safara'u na rubuta littafin ban tsoro, tana sakin shi shafi-shafi a guruf ɗin WhatsApp na matan sababbin gidajen Maje, da wata lambar waya daban da kuma sunan aro, Baƙar Tawada. Ko mijinta Kabiru, wanda yake sammakon bin motar Abuja ya dawo a gajiye, bai san da marubuciya yake zaune ba. Labarin na wani ƙaramin gari ne da ta ƙirƙira, Rafin Toka, inda yara suke ramewa ɗaya bayan ɗaya ba a san dalili ba.

Shafukan farko ba su yi kasuwa ba. Wata ta rubuta, "Anti marubuciya, aljani mai ƙofato kuma? Tun muna firamare muke jin wannan." Fatima, wato Maman Khamis, wadda katanga ɗaya ce ta raba gidanta da na Safara'u, ta ce, "Ni fa ina karantawa ina tuƙa tuwo, ko gezau. Abeg a ƙara wuta." Mata ne da ba su taɓa rubuta ko layi ɗaya ba, amma kowace ta iya yanke wa marubuci hukunci. Abin ya sosa wa Safara'u rai ƙwarai, har abinci ya daina yi mata daɗi.

Tana cikin wannan takaicin ne wata safiya Iya Laraba ta ƙwanƙwasa mata get da tallan doya. Iya Laraba 'yar ƙabilar Gbagyi ce, haifaffiyar Maje tun ana noma inda yau ake faka motoci. Gidanta na ƙasa da bishiyar ɗorawa a bayansa su kaɗai suka rage a tsakiyar sababbin gine-gine, don ta ƙi sayarwa. Kamar yadda iyayenta mata suka yi, a kafaɗa take ɗaukar kaya, cikin babbar ƙwarya, domin a wurinsu kai ya fi ƙarfin a ɗora masa doya. Safara'u kuwa a Funtuwa ta tashi, inda kowane kaya da gammo ake ɗora shi a ka. Ta sha ganin tsohuwar a haka, ba ta taɓa tambayar dalili ba. Ranar sai ta tsaya tana kallon yadda wuyanta ya karkace gefe ɗaya, ta ji tsigar jikinta ta tashi, kuma ta ji daɗin tashin.

A shafi na gaba sai ga wata tsohuwa ta bayyana a Rafin Toka, wadda ba ta ɗora kaya a ka, saboda akwai mai zama a kan nata. Safara'u ba ta tsaya nan ba. Ta ara mata koren zane, ta ara mata ɗorawa a bayan gida, ta ara mata ɗabi'ar kwance bakin zane ta miƙa wa yara dafaffiyar gyaɗa. Suna kaɗai ta canza.

Guruf ya kama da wuta. "Wayyo Allah, na kasa shiga kicin ni kaɗai!" "Yanzu kika zo, Baƙar Tawada." Fatima ta ce tuwonta ya kama tana karatu. Safara'u ta dinga bin sharhin tana murmushi ita kaɗai, har ta iso kan wani da ya katse mata murmushin.

"Wai ni kam, tsohuwar nan ba ta yi muku kama da wata ba?"

Ba wanda ya ambaci suna a ranar. Ba a ma buƙaci a ambata ba. Kafin mako ya zagayo, Iya Laraba na ƙwanƙwasa get-get, ana leƙo ta ta kafar ƙofa a yi shiru kamar ba kowa. Yaran da suka saba rugawa su tare ta sai a ji uwayensu na ƙwala musu kira daga ciki. Safara'u kaɗai take buɗewa, tana sayen doyar da ba ta da buƙata, har ta taru a sito ta fara tsiro. Tsohuwar ta ce mata, "Maman Jannat, mutanen layin nan sun yi tafiya ne?" Safara'u ta ce wataƙila zafi ne ya sa kowa ya kulle, tana faɗa tana kallon ƙasa.

Ta yi ƙoƙarin gyarawa. Ta rubuta cewa tsohuwar Rafin Toka doguwa ce fara, ta sauya mata zane, ta sare ɗorawar. Masu karatu suka ce, "Kun gani ko? An tsorata marubuciyar." Ta daina sakin shafi gaba ɗaya. Suka ce, "An kama mata baki, a sa ta a addu'a." Duk inda ta juya sai sun riga ta isa. Tsoro ya kama Safara'u na gaske, ba irin na littafi ba. Wayarta na yin ƙara sai ta kife ta.

Sai Khamis ya kwanta da zazzaɓi. Oyinkansola, nas ɗin da ke haya a ƙarshen layi, ta zo ta duba shi, ta ce tana haɗa Hausa da buroka, "Maman Khamis, na taifod be dis. Wannan ruwa da kuke saya a baro, shi ne. Ku kai shi asibiti yau yau." Fatima ta kai shi, an ba shi magani, amma zuciyarta ba a kan ruwan baro take ba. Ta tuna yaron ya ci gyaɗar tsohuwa kwanakin baya. Da azahar ta saki murya a guruf tana kuka, wannan karon kuwa ta kama suna. Ta ce ko dai Laraba ta zo ta tsallake mata ɗa kamar yadda ake sa mayya ta yi don ta saki kurwa, ko kuma ta bar musu unguwa. Wata ta ce ƙannen mijinta a shirye suke. Da la'asar aka ji ƙarar duwatsu a kan kwanon gidan ƙasa.

Safara'u ta zauna a bakin gado. Ta san in tsohuwar ta tsallaka yaron, ta amsa laifi ke nan har abada. In ta ƙi, waɗanda suka jefi kwano za su iya jifan mutum. Abu ɗaya ya rage mata, wanda ta fi tsoro duka. Ta ɗauki wayarta, da lambarta ta ainihi wadda kowa ya sani, ta danna ta yi magana.

"Salamu alaikum 'yan'uwa. Ni ce Maman Jannat, kuma ni ce Baƙar Tawada. Wallahi tallahi labarin nan ƙirƙira ne. Kun ce ba ya ba ku tsoro, shi ne na kalli Iya Laraba na ari kamanninta. Ɗaukar kaya a kafaɗa al'adarsu ce, ku je kasuwa ku gani. Baiwar Allah nan ba ta taɓa yi wa kowa komai ba. Don girman Allah ku rabu da ita."

Ta ajiye wayar tana jiran zagi, ta ma shirya masa. Abin da ya zo ya fi zagi muni.

"Ashe Maman Jannat ce! No wonder."

"Ita da tsohuwar ke shiga gidanta kullum, ai ta ga abin da ta gani."

"Kar ki ji tsoro sista, mun gane. Dole ki faɗi haka yanzu."

Fatima ta ce, "Allah ya saka miki da alheri da kika tona mana. Da ba don ke ba da ta ƙarar da yaranmu."

Safara'u ta karanta, ta sake karantawa, ta fashe da kuka. Rantsuwar da ta yi ita ce ta zama musu shaida.

Washegari da hantsi ta yanke shawarar abin da baki ya kasa ƙafa ta yi. Za ta je gidan tsohuwar da rana tsaka, ta bi ta tsakiyar layi, kuma da 'yarta Jannat a hannu, kowa ya gani. Ta sa wa yarinyar ƙaramin hijabi. Jannat ta ce, "Mami, kaina na ciwo." Safara'u ta taɓa goshinta, ta ji ɗan ɗumi. Ta ce wa kanta rana ce, yara kullum cikin haka suke. Suna tafiya labule na motsi a tagogi, ita kuwa tana ta sake taɓa goshin yarinyar, tana jin haushin kanta da take taɓawa.

A ƙofar gidan ƙasa ta tarar da Keke mai ƙafa uku a tsaye. Jibrin, ɗan Iya Laraba da ke aikin birkila a unguwar Chaza, ya fito da katifa ya jingina a bango, yana ta fama da mahaifiyarsa. Ita kuwa tana zaune a kan turmi da carbi a hannu, ta ƙi motsi. Duwatsun jiya na nan a warwatse a tsakar gida.

Jibrin ya dubi Safara'u sama da ƙasa. "Hajiya, ke ce mai littafin?"

"Ni ce. Na zo ne in ba Iya haƙuri."

"Haƙuri zai gyara kwano? Jiya kwano ne, gobe fa? Ki gaya mata ta tashi mu tafi, ni ba ta jin tawa."

Iya Laraba ta ɗaga masa hannu. "Kai, yi shiru. Wai an sa ni a waya, to ni na san waya? A ɗakin can aka haife ni. Mijina yana kwance a bayan ɗorawar nan. Na ce maka ba duka ƙofofi suka rufe ba, ka ce ƙarya ne. Ga ta nan ta zo, har da jikata. Muddin akwai gida ɗaya da ake amsa min sallama, ba inda za ni."

Safara'u ta durƙusa a gabanta, hawaye na zuba. "Iya, ki yafe min. Ni na jawo miki."

"Tashi, 'yata, tashi. Allah ya yafe mana duka." Tsohuwar ta juya wajen yarinyar, fuskarta ta saki. "Jannatu, amaryar Jibrin, yau ba gaisuwa? Ji idonki ya yi ja. Zo nan in ji jikin."

Ta miƙa hannu za ta taɓa goshin yarinyar.

Safara'u ba ta san lokacin da ta fizge Jannat ta mayar da ita bayanta ba. Da ƙarfi ta fizgo ta, har yarinyar ta yi tuntuɓe ta sa kuka. Hannun tsohuwar ya tsaya a iska, babu abin da ya taɓa.

Safara'u ta buɗe baki tana neman abin faɗa, ta ce rana ce, ta ce yarinyar ba ta son a taɓa ta in ba ta da lafiya. Ita kanta ta ji yadda maganar ta fito.

Iya Laraba ta daɗe tana kallonta. Ba fushi a fuskarta, da ma fushin ne da ya fi sauƙi. Ta mayar da hannunta kan cinya a hankali.

"Ke ma?" in ji ta.

Ta dafa turmin ta miƙe, ta karkaɗe zaninta.

"Jibrin, sa katifar a Keke."